Hagun Badr da Gwanayen Mujalla Goma

Yayana Badr bahago ne, kuma da hagun nan ya fasa wa mijina ido. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci yabonsa na zauna yi. Masu yabonsa ba su ƙare ba, har yanzu in tsofaffin Hindawiyya suka haɗu a gidan biki sai an ce ba a sake yin hannu irin na Badr ba. To, su ba su wanke jini daga rigar sallah ba. Ni Mastura na wanke.

A Hindawiyya, wata tsohuwar unguwa a Jidda, aka haife mu, shi ne babba, ni ce auta. Babanmu da ƙafa ya taso daga wajen Gumel, ya shekara huɗu a hanya, ya haye teku ta Sawakin, ya yi hajjinsa, ya zauna yana ga-ruwa har ya rasu. Bai taɓa neman takardar zama ɗan ƙasa ba, kullum cewa yake baɗi zai koma gida. Baɗin nan ce ta bar mu da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ana sabunta mana kamar baƙi a garin da aka yanke mana cibiya. Duk wanda aka kama da babban laifi a cikinmu, in ya gama ɗauri, jirgi ne zuwa Nijeriya. Badr kuwa bai san Nijeriya ba sai a bakin mahaifiyarmu Inno, Hausarsa ma rabinta Larabci ne.

Wanda bai tashi a Jidda ba sai na yi masa bayanin mizmar. Wasan maza ne na sallah da biki. A hura wuta a tsakiyar fili, masu ganga su zauna gefe, sauran su kewaye suna tafi suna amshi, sai mutum biyu su shiga kowa da doguwar sandarsa, wadda muke ce wa shon, suna juya ta a kan yatsu suna zagaya wutar. In jini ya ɗan yi zafi sai rawa ta koma karon sanda. Amma karon ma yana da ƙa'ida. Wuyan hannu ke aiki, ba kafaɗa ba. Sanda ta sauka a kan sanda, in ta wuce ta taɓa rawani sai ka janye ta tun ba ta yi nauyi ba. Gwani shi ne wanda zai tsayar da tasa saura ƙiris ta taɓa fata. In kuma abokin karonka ya sauke sanda ya buɗe hannuwa, wasa ya ƙare, sai runguma. Tun yana shekara goma sha bakwai Badr ke tsayar da shon a kan girar mutum ba ta taɓa shi ba.

Yana da goma sha tara ƙanin Inno, Kawu Zaharadden, ya samo masa aiki a wata unguwar Amurkawa mai katanga can arewacin gari, inda ma'aikatan wani kamfani ke zaune da iyalansu. Aikinsa ban ruwa da sharar filin wasa. A filin nan suke yin abin da suke kira besbol: ɗaya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai taurin tsiya, ɗaya ya make ta da kulki ya ruga. Wani tsohon injiniya ke kula da wasan, Badr na ce masa Abu Naddara, wato mai tabarau, saboda kaurin gilashinsa. Ran nan tsohon ya ga Badr ya ɗauki kulki yana juya shi irin na mizmar, sai ya jefo masa ƙwallo da wasa. Badr ya kuskure sau tara. Ta goma ta haye katanga ta tarwatsa gilashin wata mota. Mu muna jiran takardar kora, sai ga shi ya dawo gida washegari da mujalla a hammata.

Tsohuwar mujalla ce, an jera a ciki mutum goma da suka fi kowa dukan ƙwallo a gasar manya ta ƙasarsu, a wata shekara da ta riga ta wuce. Kowa da hotonsa, da lambobi a ƙasa. Badr ba ya karanta Turanci, don haka shi ya raɗa musu suna. Na ɗaya Sarkin Hagu, na biyu Mai Gashin Baki, akwai Dogo, akwai Tumbi, akwai wani da ya ce da Kawu Zaharadden yake kama, shi ke nan bawan Allah ya zama Kawu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne da yawansu baƙaƙe ne kamarmu, kuma wasunsu ta hagu suke duka. Mutumin da ya sha muciya tun yana rarrafe don ya miƙa hagu cikin kwano, yau an nuna masa ƙasar da ake buga hoton bahago a takarda mai sheƙi. Ai sai kai ya fasu.

A tsakiyar mujallar akwai hoto takwas a jere na Sarkin Hagu, daga ɗaga ƙafa har ƙwallo ta tafi. Abu Naddara ya bi su da yatsa, ya gaya masa da Larabcinsa na kasuwa cewa ƙarfin ba a hannu yake ba, daga diddige yake tasowa ya bi ta ƙugu, kuma babban kuskure shi ne ka tsayar da kulki in ya haɗu da ƙwallo. Ka wuce da shi kamar ba komai a wurin, har sai ya naɗe a bayanka. Badr ya liƙa hotunan a bangon ɗakinsa. Shekara da shekaru, kullum ya taso daga aiki yana tsakar gida da ƙotar shebur, yana cilla busasshen lemun tsami sama yana makewa. Randar Inno biyu ta tafi a haka, da fitila, da wata kazar maƙwabta da tsautsayi ya ratso da ita, wadda aka tsinci kanta a kan rufi. Muna ta dariya lokacin. Ba wanda ya lura cewa hannun da ya iya tsayawa yana mantawa.

Shi ya kawo mana masifar jera suna. Da can ana tashi daga mizmar ba a cewa wane ya fi wane. Badr ya sami gawayi ya rubuta sunaye goma a bangon gidan burodin layinmu, kamar na mujalla, daga sallah zuwa sallah: wa ya kai sanda sau nawa, sau nawa ta sauka. Samari suka haukace. Wanda aka sa na bakwai ba ya da natsuwa sai ya ga jinin na shida. Kafin shekara biyu an rage janye sanda a filinmu, kowace sallah sai an ɗinke kai biyu ko uku. Badr ne na ɗaya a bango, mijina na biyu.

Mijina Abdulghaffar, wanda kowa ke kira Abu Manal da sunan 'yarmu, abokin Badr ne tun suna firamare. Shi ɗan ƙasa ne, kakansa ya yi wayon da babanmu bai yi ba. Injin ɗaga kaya yake tuƙawa a tashar jiragen ruwa, aikin da ido ne jarinsa: daga can sama zai sauke kwantena a kan 'yar'uwarta ba ta goce ko taƙi ɗaya ba. Mutum ne mai dariya, kuma shi kaɗai a cikin goman nan ya ci gaba da wasa irin na da.

Shekarar da na haifi Manal mutanen unguwar Sa'alaba suka zo bikin wani ɗan layinmu da gangunansu. Wani ƙato cikinsu, Meshari, ya tsallake wuta ya tsaya ƙiƙam gaban masu gangarmu, abin da a wurinmu raini ne. Badr ya shiga. Ina kan soro tare da mata, da idona na gani. Bai juya shon a yatsu ba. Ya riƙe ta a gindi da hannu biyu, ya karkace, ya ɗaga ƙafar dama, tsayuwar Sarkin Hagu sak. Mutane har dariya suka yi. Meshari ya tare da sandarsa yadda ake tarewa, sandar ta rabu biyu, ta Badr ta wuce ta sami damtsensa. Ƙarar ƙashin har soro muka ji ta. Ƙaninsa ya shigo, ya samu a haƙarƙari, ya durƙusa yana tofar da jini. Na uku ya yar da tasa ya ratsa ta cikin wuta da gudu, rigarsa ta kama. Daga nan fili ya kaure, duwatsu, kujeru, garwashi, har gangar baƙin aka huda. Dattawan unguwannin biyu suka kashe maganar a masallaci ba ta kai ga hukuma ba. A layinmu kuwa ɗaukar Badr aka yi a kafaɗa.

Washegari na same shi a ɗakinsa yana kurɓar shayi, hankali kwance.

Na ce, "Yaya, abin da ka yi jiya ba mizmar ba ne."

Ya ce, "Yalla, Mastura, je ki ji da jaririyarki. Me mace ta sani a shon?"

"Na san ƙarar ƙashi. Sandarka ba ta tsayawa, ka sani?"

"In na so ta tsaya za ta tsaya."

"Wallahi ba za ta tsaya ba."

Ya yi dariya, ya nuna mini bango, ya ce in duba Sarkin Hagu in gaya masa a hoto na nawa ya tsaya.

Shekara uku bayan haka, kwana biyu da ƙaramar sallah, aka hura wuta bayan la'asar. Tun safe Abu Manal ke tsokanar Badr, wai bana zai goge sunan surukinsa daga saman bango. Suka shiga tare, mijina cikin sabuwar farar riga, fili ya ɗauki tafi don kowa na son ganin na ɗaya da na biyu. Suka zagaya wuta, suka kara sau uku, sau huɗu. Can sai Abu Manal ya murɗa wuyan hannu, bakin sandarsa ya ɗage rawanin Badr ya ajiye shi ƙasa, bai taɓa ko gashin kansa ba. Fili ya ɗauki sowa. Abu Manal ya sauke sanda, ya buɗe hannuwa yana dariya.

Ni na ga ƙafar dama ta tashi. Na ƙwala ihu daga soro, ganga ta cinye muryata. Daga baya Badr ya rantse mini cewa ya ga hannuwan a buɗe, ya ga haƙoran, ya ce wa hannunsa tsaya. Na yarda da shi, kuma yardar nan ta fi komai ƙona mini rai. Shon ta sami gefen fuskar Abu Manal na dama, daga muƙamuƙi har gira, ta wuce ta naɗe a bayan Badr kamar a hoto na takwas. Mijina ya juya sau ɗaya ya faɗi, kafaɗarsa cikin garwashi, bai ma ji ba. Ban san yadda na sauko ba. Na ɗago kansa, muƙamuƙin ya biyo hannuna kamar ba nasa ba. Haƙora uku na tsinta a cinyata. Idon kuwa ba zan faɗi yadda yake ba, da mayafina na danne shi har asibiti.

Likitoci suka cire idon, suka ɗaure muƙamuƙin da waya, suka ce sai mako shida za a kwance. Rauni irin wannan dole a sanar da hukuma, sai ga wani jami'in 'yan sanda, siriri mai sanyin magana. Maza arba'in da ke filin bakinsu ɗaya, wai daga soro ya faɗo. Jami'in ya dubi raunin, ya dube su, ya ce lalle soron nan yana da hannu. Ya sunkuya ya tambayi Abu Manal wa ya yi masa haka. Abu Manal ya rufe idonsa ɗaya, ya ƙi ko motsi. Jami'in ya ce to, zai dawo ranar da za a kwance waya. In Abu Manal ya ambaci suna, zai tafi da mai sunan. In ya sa hannu cewa faɗuwa ce, zai rufe takarda.

Kowa ya san abin da ke rataye. Kalma ɗaya daga bakin mijina, Badr ya tafi kurkuku, daga can jirgi, ba kuma zai sake taka Jidda ba. Ni kuwa so nake a faɗi kalmar, ba zan ɓoye ba. Inno ta yage hotunan daga bango ta cusa a murhu har mujallar, ta zo gidana ta durƙusa, tsohuwa da ita.

Ta ce, "Mastura, ciki ɗaya kuka fito. In aka kai shi can wa ya sani? Wa zai ba shi ruwa?"

Na ce, "Inno, wancan da nake ɗura wa kunu ta tsakanin haƙora kuma uban 'yata ne."

Ran kwana goma Badr ya zo ƙofata. Taɓaryar dakan yaji ce a hannuna, da ita na tarye shi. Na ba shi a ka, a kafaɗa, a baki, leɓensa ya tsage, jini ya wanke masa gaban riga. Ya tsaya da hannuwa a baya, bai kare ko ɗaya ba. Wannan ma ƙara tunzura ni ya yi. Na ce, "Ashe ka iya riƙe hannun! Ashe yana jin magana!" Sai da maƙwabta suka ɓamɓare ni. Ya tofar da jini a kwata ya tafi, washegari ya sake dawowa ya zauna a bakin ƙofa.

Abu Manal ya dawo gida a mako na uku, ba ya magana da kowa. A mako na biyar takarda ta zo daga tasha, cewa mai ido ɗaya ba ya hawa injin. Ya karanta, ya ninke, ya juya fuska ga bango. Ana gobe za a kwance waya, da hantsi, ya yi mini magana ta tsakanin haƙora, ya ce in kira masa yayana.

Badr ya shigo tsakar gida, Inno da Kawu Zaharadden a bayansa. Abu Manal ya fito da shon ɗinsa a hannu. Sai da muka kasa kunne sosai kafin mu gane abin da yake cewa.

"Gobe mutumin zai zo. Ba na son kurkukunka, ya Badr, ba na son jirginka. Hannun nake so. Ɗora shi a dokin ƙofa. Ɗaya tak, in sa hannu cewa faɗowa na yi."

Inno ta ɗora hannu a ka. Kawu ya ce, "Ka ji tsoron Allah, ɗana. Da hannun nan yake ci."

Badr ya ce, "Halas, Kawu, magana ta ƙare. Haƙƙinsa ne."

Ya durƙusa, ya shimfiɗa hagunsa a kan dutsen dokin ƙofa, ya buɗe yatsu. Abu Manal ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda ya sauke da iya ƙarfinsa. Ta daki dutse, taƙi guda kafin yatsun. Ya dubi sandar, ya dubi hannun, ya matso, ya sake ɗagawa. Wannan karon ta sauka a gefe, ta ɓalli bakin dutsen. Na ji numfashinsa yana fita ta cikin waya kamar na wanda ake shaƙewa, hawaye na zuba daga ido ɗaya. Mutumin da ke ajiye kwantena a kan layin alli daga sama ya kasa samun hannun da ke shimfiɗe a gabansa. A nan na gane abin da aka ɗauke masa, ba a asibiti ba.

Kawu ya yi wuf ya ce, "Ɗaya ka ce, ga shi ka yi biyu. Ya isa."

Badr bai ɗago ba, ya ce, "Bai yi ko ɗaya ba, Kawu. Sake, ya Abu Manal."

Ya ɗaga a karo na uku. Tun daga sama na ga wannan ma za ta goce, can dama da shi. Badr ma ya gani. Ya bi bakin sandar da ido tana saukowa, ya zame hannunsa a kan dutse ya tarye ta. Ƙashi huɗu suka karye a bayan hannun, yatsu biyu suka juya baya. Bai yi ƙara ba, ya kifa goshi a ƙasa ya yi amai. Ni kuma da na ji ƙarar nan daɗi na ji, daɗi har cikin ƙirjina, kuma shekara talatin ke nan ina jin kunyarsa.

Abu Manal bai ga hannun ya matsa ba, don ta gefen idon da babu abin ya faru. Ya zaci shi ya samu. Ya tsaya yana kallon hannun, kafaɗunsa suka miƙe kamar yadda ban gan su ba tun ranar sallah, ya jingine sanda a bango ya ce, "Halas."

Washegari jami'in ya tarar da su biyu a asibiti, ɗaya an kwance masa baki, ɗaya hannu a filasta har gwiwa. Ya nuna filastar ya ce, "Wannan ma soron ne?" Abu Manal ya ce, "Soro ɗaya ne, ya sidi, ba shi da kyau." Ya karɓi alƙalami ya sa hannu.

Hannun bai koma daidai ba, a dunƙule ya warke. Aikin fili ya gagare shi, Badr ya koma gadin wani sito, can ya tsufa. Da aka rushe layinmu muka koma unguwar Waziriyya gaba ɗaya, gidansa na kallon nawa. Abu Manal ya buɗe 'yar rumfar gyaran fanka, dariyarsa ta dawo, ko da yake a karkace. In ya so tsokana yakan ce wa baƙi shi ne mutumin da ya sami na ɗayan Hindawiyya da ido ɗaya. Inno ta rasu ba ta gaya masa gaskiyar abin ba, Kawu ma haka. Ni sau biyu ina fushi magana ta zo mini har baki, na haɗiye.

Bara ciwon ajali ya kwantar da Abu Manal. Badr ne ke juya shi a gado da hannu ɗaya da rabi. Ana saura kwana biyu ya cika, da rana, ina ba shi ruwa a cokali, ya laluba ya kamo dunƙulallen hannun nan, ya daɗe yana shafa inda ƙashin ya haɗe a karkace.

Ya ce, "Ya Badr, gaya mini gaskiya. Na uku ɗin nan, ni na same ka?"

Na ajiye cokali. Yayana bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Kai ka same ni, ya Abu Manal. Tsakiyar hannu."

Mijina ya gyaɗa kai ya rufe ido, bai saki hannun ba. Ni na fita tsakar gida na yi kukana, don a ranar ne na yafe wa Badr, kuma har yau ban gaya masa ba.